Yadda zaka zama ƙwararren ɗan wasan zari-ruga, daga akadami har ranar jingine takalmi

Kafin komai bari in faɗa maka abinda masu haɗa bidiyon bajintar 'yan wasa basa nunawa, cin abinci da zari-ruga aiki ne mai gajeren zango, kuma jarinka gaba ɗaya jikinka ne. Wanda ya taki sa'a zai sa hannu a kwantiragin farko yana ɗan shekara 18 ko 19, yana haura talatin kulob ya fara leƙen wanda zai maye gurbinsa, wasu ma basa kaiwa talatin ɗin. Sam Warburton da ya riƙe kyaftin ɗin Wales ya kuma jagoranci tawagar Lions, wato haɗakar zaɓaɓɓun 'yan wasan Birtaniya da Ailan, har sau biyu, a 2013 da 2017, yana da shekara 29 ya bar wasa a 2018, ba wai iyawa ce ta ƙare ba, jikin ne raunuka suka cinye. Toh duk matakin da zaka ɗauka ƙanena, ka ɗauke shi da wannan lissafin a kanka.

Sannan maganar da nake ta 'yan sha biyar-sha biyar ce, wadda hukumar World Rugby mai hedikwata a Dublin take kula da ita, ba ɗaya nau'in na mutum sha uku ba, wancan hanyarsa daban. Ita wannan sai a watan Agustan 1995, bayan kofin duniyar da aka yi a Afirka ta Kudu, aka halatta biyan 'yan wasa albashi a fili, kafin nan likita ne da manomi da ɗan sanda suke tashi daga aiki su je su buga wa ƙasarsu. Shiyasa har yau kasuwar ƙarama ce, kar ma ka haɗa ta da ta ƙwallon ƙafa. Inda mutum zai riƙe gida da wasan nan kaɗai basu da yawa, akwai Faransa mai gasar Top 14 da ta ƙasa da ita Pro D2, akwai Ingila, akwai Japan, sai gasar URC da ta haɗa kulob-kulob na Ailan da Wales da Sikotlan da Italiya da Afirka ta Kudu, sai Super Rugby can ɓangaren New Zealand da Ostireliya. In ka cire waɗannan yawanci rabin aiki ne, safe kana wajen sana'a yamma kana fili.

Abu na farko shine gurbi, kuma don Allah kar ka zaɓa saboda gwaninka a nan yake bugawa, jikinka ne zai zaɓa maka. Lamba 1 zuwa 8 sune 'yan gaba masu aikin ƙarfi da turereniya, 9 zuwa 15 'yan baya masu gudu da ƙwallo. In kai kakkaura ne mai kaurin wuya da faɗin baya, layin farko na sikiram, wato turereniyar da 'yan gaban ɓangarori biyu suke haɗa kai su yi, shine wajenka, wato 1 da 3, da lamba 2 a tsakiyarsu wanda kuma shine yake jefo ƙwallo in ta fita layi. In Allah ya baka tsawo ka doshi mita biyu to 4 ko 5, su ake ɗagawa sama su cafe jifan. Lamba 6, 7 da 8 aikin huhu ne da taurin rai, kayar da mutum ka miƙe ka ƙwace ƙwallo ka sake kayar da wani har minti tamanin ta cika. Lamba 9 galibi ƙaramin jiki ne mai saurin hannu da baki, lamba 10 shine mai tsara wasa da bugu, 12 da 13 tsakiya, 11 da 14 gefe, 15 can baya yana jiran ƙwallon sama.

Kowane yaro yana son 10 ko gefe tunda su ake nunawa in an ci tirai, wato an dire ƙwallo a bayan layin gidan abokan hamayya, amma in ni ne ke da jikin wallahi lamba 3 zan nufa. Ga dalili, doka bata yarda a cusa wanda bai samu horon layin farko ba a cikin sikiram saboda haɗarin karyewar wuya, don haka cikin mutum 23 da kulob yake rubutawa ranar wasa dole a samu ƙwararrun layin nan guda uku a benci bayan ukun da suke ciki, kaga kenan kowane kulob yana buƙatarsu da yawa. Shi kuma mai lamba 3 kansa yana shiga tsakanin kawunan mutum biyu ne, nauyi yana sauko masa ta kafaɗa biyu, waɗanda suka iya zaman nan basu girgiza ba 'yan kaɗan ne a duniya, kuma sukan nuna a makare su kuma daɗe suna wasa fiye da 'yan gefe da gudunsu yake raguwa da shekaru. Ka duba Jojiya mana, ƙaramar ƙasa ce amma 'yan layin farkonta sun cika kulob-kulob na Faransa. Wanda kuma yake ganin ya yi ƙanƙanta ya tuna Cheslin Kolbe, tsawonsa bai wuce mita 1.71 ba, an daɗe ana masa kallon bai isa ba, sai da ya koma kulob ɗin Toulouse na Faransa a 2017 sannan Afirka ta Kudu ta kira shi a 2018, yau yana da kofin duniya biyu.

Daga nan sai koyon wasan kansa, kuma anan ne samari suke yin kuskure, su tare a jim suna ɗaga ƙarfe su bar ƙwallo. Koci zai iya ƙara maka kilo goma cikin shekara biyu amma bazai tsaya koya maka miƙa ƙwallo ta hagu kana da shekara ashirin ba. Ka iya miƙawa ta hannu biyu daidai wa daida kana cikin gudu, tunda ba a jefa ta gaba sai baya ko gefe. Ka iya takil, wato kayar da mai ƙwallo, da kafaɗar dama da ta hagu, ka duƙa ka shiga ƙasa, kanka ya kasance ta bayan jikin mai ƙwallo ba ta gaban gwiwarsa ba, hannuwa su rungume. Wannan duƙawar ba ado bace, yanzun kafaɗarka ta taɓa kan mutum ana iya ɗaga maka jan kati, kyaftin ɗin New Zealand Sam Cane a wasan ƙarshe na kofin duniyar 2023 aka kore shi a kan haka, Afirka ta Kudu ta ci 12 da 11. Sai huhu, akwai gwajin da ake kira bronko da kusan kowace akadami take yi, ka ruga mita 20 ka dawo, 40 ka dawo, 60 ka dawo, sau biyar ba hutu, jimilla mita 1,200, ɗan baya mai lafiya yana gamawa ƙasa da minti biyar. Ka riƙa gwada kanka da agogo tun kafin wani ya gwada ka.

Ka kuma karanta dokoki da kanka musamman na wajen da aka kayar da mutum, yaushe zaka saki, ta ina zaka shigo, yaushe hannu ya haramta, mafi yawan fanareti a nan ake bayarwa kuma kowanne maki uku ne ga abokan hamayya in suna da mai ƙafa. Bakinka ma ka kama shi, a wasan nan kyaftin ne yake magana da alƙali, ka yi gunaguni a matsar da ku baya mita goma, ka matsa a baka katin gargaɗi ka zauna minti goma a waje 'yan uwanka sha huɗu suna shan wuya.

Yanzu babbar magana, ta wace ƙofa ake shiga. Gaskiyar da ba kowa ke son ji ba itace inda kake tsakanin shekara 15 zuwa 21 ya kusa fin ƙarfinka muhimmanci. A Afirka ta Kudu da New Zealand makarantun sakandare ne ƙofar, wasan manyan makarantu har a talabijin ake nunawa, kuma a Afirka ta Kudu akwai gasar 'yan ƙasa da 18 ta Craven Week da ake yi tun 1964, duk masu farautar 'yan wasa can suke taruwa. Siya Kolisi a unguwar Zwide ya tashi cikin talauci, yana ɗan shekara 12 aka hango shi a wata gasar yara aka bashi tallafin karatu a makarantar Grey, daga nan ƙungiyar Western Province, daga nan ta Stormers, 2013 ya fara buga wa ƙasa, 2018 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kyaftin ɗin Springboks, wato tawagar Afirka ta Kudu, ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023. A Ingila kuwa akadamin kulob ne, Maro Itoje wanda iyayensa 'yan Najeriya ne ta akadamin Saracens ya fito. Faransa tana da wata doka da suke kira JIFF, duk wanda ya yi kaka uku a cibiyar horon wani kulob ɗinsu tsakanin shekara 16 da 21 ana lissafa shi a matsayin ɗan gida ko da ba Bafaranshe bane, kuma an wajabta wa kulob ya riƙa sa adadi mai yawa na irinsu in ba haka ba a hukunta shi. Ma'ana baƙon da ya shiga Faransa yana 18 ya samu wannan shaidar darajarsa a kasuwa ta fi ta wanda ya zo yana 24 ko da na biyun ya fi shi iyawa. In kana da zaɓi tsakanin akadamin da zai baka wannan da wani wajen da zai baka kuɗi kaɗan yau, ɗauki akadamin.

In kuma wannan jirgin ya wuce ka, ba shikenan ba. Makazole Mapimpi ƙananan ƙungiyoyi ya yi ta bugawa ba wanda ya san shi, sai yana da shekara 27 ya fara buga wa Afirka ta Kudu a 2018, shekara ɗaya bayan nan shine ya ci wa ƙasar tirai ɗinta na farko a tarihin wasannin ƙarshe na kofin duniya, a Yokohama da Ingila. Tadhg Beirne kulob ɗin Leinster na Ailan ya sallame shi a 2016, ya tsallaka Scarlets a Wales ya nuna kansa, Munster suka dawo dashi gida a 2018 ya zama ginshiƙin tawagar Ailan. Abinda ya haɗa su shine basu daina buga wasa ba, a duk matakin da aka basu riga sun shiga fili. Gara ka buga wasa ashirin a rukuni na biyu da ka ɗumama benci a babban kulob, in an ce za'a bada aronka kar ka ɗauka wulaƙanci ne. Akwai kuma ƙofar 'yan bakwai-bakwai, wadda ta shiga gasar Olamfik tun 2016, ga mai gudu daga ƙasar da bata da lig mai biyan albashi kusan itace tagar da duniya zata gan shi, Fiji da Kenya sun daɗe suna cin moriyarta. Ka riƙa ajiye bidiyon wasanninka, amma cikakken wasa, ba 'yan gutsattsarin da ka yi kyau kaɗai ba, mai neman ɗan wasa yana so ya ga me kake yi lokacin da ƙwallo bata hannunka, da kuma yadda kake miƙewa a minti na saba'in.

Ranar da aka ajiye maka takarda kar zumuɗi ya sa ka sa hannu a tsaye. Ejan ɗinka, wato wakilin da yake nemo maka kulob, ya zama wanda hukumar ƙasar ta yi wa rajista, kuma duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗin gwaji ko na biza kafin ka ga wasiƙar kulob ka kama gabanka. A cikin kwantiragin abinda zaka fara nema ba albashi bane, sakin layin rauni ne, wata nawa zasu ci gaba da biyanka cikakke in ka ji ciwo, bayan wata nawa suke da ikon soke yarjejeniyar, wa zai biya aikin tiyata, akwai inshora ko babu. Sannan gida da mota da tikitin jirgi in ƙasar waje ce, da kuɗin fitowa wasa. Ka shiga ƙungiyar 'yan wasa, RPA a Ingila, Provale a Faransa, kusan kowace babbar ƙasa tana da irinta, su zasu tsaya maka ranar da abu ya ɓaci. Kuma yana ɓaci fa, cikin kaka ɗaya ta 2022 zuwa 2023 Worcester da Wasps da London Irish duk suka durƙushe saboda bashi, babbar gasar Ingila ta koma kulob 10 daga 13, 'yan wasa suka wayi gari ba aiki, a Ostireliya ma an rufe Melbourne Rebels a 2024. Ga kuma ƙa'idar kashe kuɗi, a Ingila an kayyade albashin tawaga gaba ɗaya a fam miliyan 6.4 a kakar 2024 zuwa 2025, raba wannan ga mutum arba'in da wani abu, ka tuna taurari ne suke kwashe kaso mai tsoka, zaka gane ɗan akadami ba wani abin kirki yake ɗauka ba. Don haka motar nan da kake hange ta jira.

Maganar buga wa ƙasa ita ma lissafi ce. Zaka iya wakiltar ƙasar da aka haife ka, ko aka haifi ɗaya daga iyayenka ko kakanninka, ko wadda ka cika wata 60 kana da rajistar wasa a cikinta, da can zaman wata 36 ne, da shi Bundee Aki ya baro New Zealand a 2014 ya fara buga wa Ailan a 2017. Da zarar ka sa rigar babbar tawagar wata ƙasa ka ɗaure kanka, sai dai tun 2022 an buɗe ƙofa sau ɗaya, in ka yi shekara uku baka buga ba kuma kana da alaƙar haihuwa da ɗaya ƙasar zaka iya sauyawa, haka Charles Piutau ya tashi daga tsohon ɗan All Blacks, wato tawagar New Zealand, ya koma Tonga. Sannan ka san tsarin ƙasarka kafin ka bi kuɗin waje, New Zealand da Ingila basa kiran wanda yake wasa a ƙetare, Jack Willis yana can Toulouse yana ta cin kofuna amma ƙofar Ingila a rufe take gare shi, Afirka ta Kudu kuwa duk inda kake in kana da kyau zasu kira ka, shiyasa taurarinsu da yawa suke Japan suna karɓar albashin ƙungiyoyin kamfanoni irin su Toyota da Suntory.

Rayuwar mako-mako ba wani armashi gare ta ba, Asabar wasa, Lahadi jinyar jiki, Litinin kallon bidiyon kurakuranka a gaban kowa, sai jim da atisaye, barci da cin abinda mai kula da abinci ya rubuta. Abu ɗaya dai, duk wani gari ko ƙwaya na ƙara jiki kar ya shiga bakinka sai likitan kulob ya gani, dokar WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, bata sauraron "ban sani ba", abinda aka samu a fitsarinka naka ne. Aphiwe Dyantyi shine matashin da ya fi haskawa a duniya a 2018, a 2019 gwaji ya kama shi, aka dakatar dashi shekara huɗu.

Sai kai, ina nufin ƙwaƙwalwa, kuma nan nake so ka nutsu. Gwiwa ana ɗinke ta, kafaɗa ana gyarawa, ƙwaƙwalwa kam babu kayan gyaranta. Steve Thompson shine lamba 2 na Ingila da ta ci kofin duniya a 2003, a ƙarshen 2020 yana da shekara 42 ya fito ya ce an same shi da ciwon mantuwa kuma baya tuna wasannin gasar da ya ci, yanzu haka ɗaruruwan tsoffin 'yan wasa suna shari'a da hukumomin wasan a kan irin wannan. Shiyasa in aka ga ka bugu a kai ake fitar da kai minti 12 likita ya gwada ka, in aka tabbatar yawanci sai ka yi aƙalla kwana 12 kafin ka dawo, tun 2021 World Rugby ta bada shawarar kada cikakken karo a atisaye ya wuce minti 15 a mako, daga 2024 kuma aka kawo robar haƙori mai na'ura da take aika saƙo in bugun ya yi ƙarfi. Duk wannan bazai amfane ka ba in kai ne kake ɓoyewa. Na san dalilin ɓoyewar, kana tsoron wani ya karɓe rigarka ga kwantiragi yana ƙarewa, amma in ka ga jiri, ko haske yana damunka, ko ka kasa tuna yadda aka ci maki ɗazu, ka faɗa, kuma in abokin wasanka ne ka gani yana tangaɗi ka kira alƙali ko da zai ji haushinka. Gwajin farkon kaka da ake ajiyewa don kwatantawa ma ka yi shi tsakani da Allah, wasu suna yin sa da gangan a lalace don in sun bugu su tsallake, kansu suke cuta.

'Yan mata ma hanyar ta buɗe, Ingila ta fara ba matan tawagarta cikakken kwantiragi a 2019, kuma wasan ƙarshe na kofin duniyar mata na 2025 da suka doke Kanada a Twickenham sama da mutum 80,000 ne suka kalla a fili. Kuɗin dai har yanzu bai kama ƙafar na maza ba, mafi yawansu da wani aikin suke haɗawa.

Shirin fita kuwa tun kana akadami ake fara shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan wasa yana da lokacin banza da yawa da yamma da kuma watannin jinya, ka zuba shi a karatu ko sana'a. Itoje ya yi digirin siyasa a SOAS da ke Landan yana tsaka da buga wa Saracens, Jamie Roberts na Wales ya gama karatun likita a Cardiff a 2013 alhali yana cikin tawagar ƙasa, don haka maganar ba lokaci bata taso ba. In koci kake son zama ka fara karɓar takardun shaidar horarwa matakin farko da na biyu tun kana wasa ka riƙa taimakawa a tawagar yara, kujerun koci basu kai yawan masu ritaya ba. Alƙalanci ma hanya ce da mutane suke rainawa, Karl Dickson lamba 9 ne a Harlequins, Nic Berry ma tsohon lamba 9 ne, dukansu sun busa a kofin duniya. In ka kai talatin da ɗaya ko da biyu aka kawo maka tayi biyu, ka ƙirga wasanni kafin ka ƙirga kuɗi, Top 14 wasa 26 ne kafin a zo zagayen ƙarshe ga kuma gasar Turai a kai, kakar Japan ta fi gajarta sosai, ga mai tsohuwar gwiwa wannan bambancin zai iya zama ƙarin shekara biyu na albashi. Kuma kafin kwantiraginka na ƙarshe ya ƙare ka sa likitan kulob ya duba ka daga sama har ƙasa a rubuta komai a fayil, duk tiyatar da ta rage a yi ta tun suna da alhakin biya, don ranar da ka miƙa kayanka ka fita daga ƙofar nan kuɗin asibiti ya dawo aljihunka.